Adda, Hamma da Zancen 'Yan Ubanci

Wata baiwar Allah daga unguwar Jekadafari a Gombe ta aiko da tambaya. Ta ce tun tasowarta "Adda" suke ce wa babbar yarsu, babban wansu kuma "Hamma". Da aure ya kai ta Kano sai dangin miji suka riƙa yi mata dariya, wai wannan ba Hausa ba ce. Tana son ta san ko gaskiya suka faɗa.

Malama, asalin kalmomin biyu Fulatanci ne, wannan kam haka yake. Amma ki tambayi masu dariyar yadda suke kiran ƙanin mahaifinsu. Za su ce miki baffa. 'Yar'uwar uba gwaggo, ɗan'uwan uwa kawu. Duka ukun daga bakin Fulani Hausa ta karɓe su, suka zauna daram har ba mai tuna cewa baƙi ne. Bambancin kawai shi ne waɗannan sun game ƙasar Hausa, adda da hamma kuwa sun fi ƙarfi a nan gabas. Ba abin mamaki ba ne ga masarautar Fulani ta Gombe da Buba Yero ya kafa a zamanin jihadin 1804, wadda hedikwatarta ta taso daga Gombe Abba ta zo ta zauna a garin Gombe na yanzu a 1919. Gidaje nawa ne a Gombe da kaka ke Fulatanci, jika na amsa mata da Hausa? Na lura idan gida ya sauya harshe, sunayen dangi ne ke zama na ƙarshen tafiya, domin da su yaro ke fara buɗe baki. Ki ci gaba da kiran Addarki Adda.

Tambaya ta biyu daga wani ɗalibi ce a Azare, kuma ita ta fi tsaya mini a rai. Ya ce me ya sa "ɗan'uwa" ke nufin na jiki, amma da an ce "'yan ubanci" sai a fahimci gaba da hassada, alhali uba ne ke ba da suna da asali?

Ɗana, ka fasa kalmar ka gani: ɗan uwa, wato wanda kuka fito ciki ɗaya, kuka sha nono ɗaya. Daga nan Bahaushe ya faɗaɗa ta har ta rufe dangi gaba ɗaya, ta kai ga "ɗan'uwa Musulmi". "Ɗan uba" kuwa bai samu wannan faɗaɗawar ba, saboda a gidan mata biyu ko uku abin da 'yan uba suka haɗa abin rabo ne: hankalin maigida, kayan salla, gona, daga baya gado. Ga kuma kishin iyaye mata yana gangarowa kan yara. Uwa ba a raba ta kamar gona. Malamai kan kauce wa nauyin kalmar da aron Larabci: shaƙiƙi ga wanda aka haɗa uwa da uba, li'abi ga wanda aka haɗa uba kaɗai, li'ummi ga wanda aka haɗa uwa. An fi jin waɗannan a wurin rabon gado, inda kowanne ke da hukuncinsa.

Sai dai kalma tana faɗar abin da aka saba gani ne, ba ta wajabta shi. A cikin ganuwar Bauchi na tashi, wajen Ƙofar Wunti, mu goma sha ɗaya daga ɗaki biyu. Dokar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ita ce maza duka kwano ɗaya a zaure, mata kwano ɗaya a tsakar gida, ko girkin wace ce. Wanda ke riƙe hannuna zuwa makarantar allo da asuba, ya saya mini masa idan an taso, Yaya kawai na san shi. Na kai shekara tara kafin wata maƙwabciya ta ce mini, "Ai wannan ɗan ubanka ne." Ban gane ba, na zo na tambayi Inna tana tankaɗe. Ta ajiye rariya ta dube ni, ta ce kada ta ƙara jin wannan kalmar a bakina. Ba ta yi mini bayani ba, kuma ban ƙara faɗa ba. Sai da na girma na gane irin aikin da matan nan biyu suka yi, kowacce tana haɗiye nata don kada ya iso gare mu. Kara ce ta sa Inna ba ta taɓa shigar mini faɗa a kan ɗan abokiyar zamanta ba, ko da ni ke da gaskiya.

Wani ya tambayi bambancin rubutun yaya da 'ya'ya. Yaya shi ne wa ko ya, haka kuma ake rubuta yaya ta tambaya, karin sauti ne ke raba su a baki. 'Ya'ya kuwa jam'in ɗa ne, kuma barin waƙafin nan biyu kuskure ne. Haka ƙanwa da kanwa: ɗaya 'yar'uwarka ce, ɗaya ta jiƙo ce.

Sai wata uwa daga Dukku da ta ce karin maganar nan ta ɗaure mata kai: "Naka sai naka, daɗin zama sai bare." Yabon dangi ake yi ko zarginsu?

Hajiya, duka ɓangarorin biyu gaskiya ne, shi ya sa aka ɗaure su wuri guda. Bare yana zuwa miki da fara'a saboda ba abin da ya haɗa ku, ba ya bin ki bashin zumunci, ba zai tsawata miki ba. Naki kuwa ya san ki tun kina rarrafe, zai faɗa miki abin da ba ki son ji, kuma zo mu zauna zo mu saɓa ne. Amma "sai naka" ɗin farko yana nufin ranar da ta ɓaci. Shi ne abin da ake nufi da hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Da wannan Yayan nawa mun taɓa yin kusan shekara ba ma ga maciji a kan gyaran gidan gado. Abokai nake ta hira da su a lokacin, kuma na ji daɗinsu. Da ciwo ya kwantar da ni sati uku a asibiti, abokan sun zo sun duba ni, Allah ya saka musu da alheri. Shi kuwa ya taho da tabarmarsa da butarsa, ya shimfiɗa a gefen gado. Bai ɗaga zancen gidan ba, ni ma ban ɗaga ba. Kullum da asuba shi ke ɗaga ni in yi alwala, hannuna cikin nasa.