Sai an ƙirga kafin a danna?

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na gode da gaisuwa. Ka ce ka sayi rimot marar waya na kyamararka, yanzu kana iya kafa ta a kan ƙafa uku, ka shiga cikin mutane, ka danna daga aljihu ba wanda ya sani. Tambayarka ita ce ko har yanzu dole ne a bi al'adar masu hoto ta cewa "ku shirya, ɗaya, biyu, uku", tunda a ganinka hoton da aka ɗauka ba shiri ya fi kyau. Na yi dariya har uwarka ta leƙo ta ce lafiya. Amma da dariyar ta lafa, sai zancen aljihun nan ya tsaya mini a rai.

Da farko dai kada ka ɗauka ku kuka fara danna kyamara daga nesa. Lokacin da nake yaron mai hoto, muna da wata igiya ta ƙarfe mai lanƙwasuwa, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba. Bakinta ake murɗawa cikin wani ɗan rami a tsakiyar maɓallin kyamara, ɗaya ƙarshen kuma a danna da babban yatsa kamar sirinjin allura. Maigidana yana da wata wadda ta fi ta, doguwar robar iska mai ƙwallo a ƙarshe, in ka matse ƙwallon iska ce ke tafiya ta tura maɓallin. Dalilinsu ɗaya da na rimot ɗinka: yatsa yana girgiza kyamara. Da gilashi mai milimita 50, in idon kyamara zai daɗe a buɗe fiye da kashi 1 cikin 60 na daƙiƙa, motsin hannu yana fara nunawa, hoto ya fito dishi-dishi. Maigidana, Allah ya ji ƙansa, yakan ce, "Ko ka riƙe numfashinka, jininka bai tsaya ba. Cire hannunka daga jikinta."

Akwai wata rana da aka kira mu ɗaukar hoton wani babban iyali, 'ya'ya da jikoki sun taru daga nesa, wasu ba su ga juna ba shekara da shekaru. Mun iso da yamma, rana ta fara sunkuyawa. Fim ɗin da ke cikin kyamarar mai ɗaukar hoto 12 ne kacal, kuma an riga an ci wasu. Na kafa ƙafa uku, na jera kujeru, manya a zaune, matasa a tsaye a baya, yara a ƙasa. Maigidana ya leƙa ya saita komai, sannan ya bar kyamarar, ya koma gefe da ƙwallon robar a hannunsa, ya zuba wa fuskoki ido. Ya ƙirga, ya matse. Kowa ya sandare, ido a zare, baki a tsuke, irin fuskar da mutane ke yi in an ce musu kada su motsa. Shi ma ya san hoton bai yi ba.

Sai ya ɗaga murya ya ce, "Wannan ya shiga. Zan sake ɗaukar wani, amma wannan karon ba zan ƙirga ba. Kowa ya ji?" Aka ce an ji. Daga tsakiyar layin gaba sai wata dattijuwa ta ɗaga hannu ta ce a dakata. Ta yi fama da shanyewar ɓarin jiki, gefen bakinta ɗaya ya ɗan karkace, kuma ba ta so a ɗauke ta ta wannan ɓangaren. Aka ɗaga ta, aka juya kujerar, ta ce bai yi ba, aka sake juyawa. Ni kuwa ina duban sama, haske yana guduwa, ƙafata ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Na matso na raɗa masa cewa rana za ta faɗi. Bai ko kalle ni ba. Ya je ya ƙara tsawon buɗewar idon kyamarar, ya dawo gefensa, ya shiga tambayar dattijuwar wanne ne ya fi rashin ji cikin jikokin. Ta nuna wani ɗan ƙarami a gabanta, yaron ya juyo ya harare ta, wuri ya kaure da dariya. Na zaci a nan zai matse. Bai matse ba, domin a wannan hasken duk kan da ke motsi zai zama inuwa. Ya jira har kafaɗu suka daina rawa, dariyar ta bar baki amma ba ta bar ido ba, sannan na ji ƙas.

Da dare a ɗakin wanke hoto, da takardar ta fara nuna fuskoki a cikin ruwan magani, dattijuwar ce ta fara fitowa, a karkace kaɗan yadda ta zaɓa, hannunta a kan yaron. Na ce masa ai da ya ɓoye robar tun farko ya matse ba sanarwa, da mun samu irin wannan ba tare da ɓata lokaci ba. Ya ce, "Da mun samu dariyar, mun kuma samu bakin da take ɓoyewa, a rataye a bangon 'ya'yanta har bayan ranta." Ya ce shi ma nasa maigidan yakan ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma a yi sallama kafin a tambaya.

Ku yanzu ba ku san tsadar hoto guda ba, shi ya sa. Ku danna ɗari, kafin mutum ya haɗiye lomar da ke bakinsa ya ga kansa a WhatsApp, ana ta sa masa alamar dariya. Ba na cewa ku mugaye ne. Saurin ne ya yi yawa, ba wanda ke tsayawa ya ga ko akwai mai ɗaga hannu.

Af, ba ka ma faɗa mini wane irin rimot ka saya ba. In irin mai aiki da hasken da ido ba ya gani ne, kamar Canon RC-6 ko Nikon ML-L3, to zancen aljihu ya mutu da kansa. Sai ka nuna shi ga kyamara, ba ya wuce kamar mita 5, kuma rana mai ƙarfi tana rikita shi. Saboda nunawar nan ne aka yi masa jinkirin daƙiƙa 2, don ka samu sauke hannu, kada a gan ka a hoto kana nuna mutane da ɗan abu baƙi. Mai aiki da rediyo shi ne guda biyu, ɗaya a hannunka, ɗaya a soke a gefen kyamara, kuma shi tufa ba ta tare shi, yana kai nesa sosai. Mai Bluetooth kuwa sai ka fara haɗa su sun san juna. Ko wanne ne, ka tsayar da mutum a inda za a jeru, ka saita gilashin a kansa, sannan ka mayar da saitin na hannu. In ba haka ba kyamara za ta leƙa ta tsakanin kawuna biyu ta kama bangon baya, ku duka ku fito a dushe. Wasu kyamarorin kuma suna daina sauraron rimot in an bar su 'yan mintoci, kana ta dannawa ba labari. Ka riƙe ɗan batirin nan mai faɗi na ajiya.

Inda zai fi yi maka amfani ma da dare ne. Yawancin kyamarori iyakarsu daƙiƙa 30, in kana son ido ya daɗe a buɗe fiye da haka sai ka juya zuwa saitin B, inda kai ne ke buɗe shi kake rufe shi. Da ƙananan rimot ɗin nan masu aiki da haske, dannawa ɗaya ta buɗe ido, ta biyu ta rufe, ba ka taɓa jikinta ba. Taurari da fitilun motoci ba sa bukatar a ƙirga musu komai, ka ɗauke su yadda ka ga dama.

In za ka zo, ka taho da shi in gani, da kyamarar duka. Kuma ranar da za ka shiga cikin hoto, ka samu wani ya tsaya kusa da ƙafa ukun. Mu a da akwai mutum a wurin kullum, yanzu ka bar ta ita kaɗai a fili, ga yara suna guje-guje.