Dalilin da ya sa muke kallon ƙwallo ranar cin talotalo

Kawu, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, ga amsar tambayar da ka yi ranar da ka kira ka tarar gida cike da baƙi, yara sun jeru gaban talabijin suna kallon ƙarti sanye da hulunan kwano suna ture juna a kan ƙwallo mai siffar ƙwai, wato ƙwallon Amurka, ka ce me ya sa muke kallon wannan wasa a wannan rana.

Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba ranar hutu ce a duk Amurka, suna kiranta Thanksgiving, wato ranar godiya. Da yake kusan kowa ba ya zuwa aiki, mu ma Hausawan nan mun mai da ita ranar zumunci, a gasa talotalon halal, a dafa shinkafa, wata ta tuƙa tuwo saboda dattawa.

Shi kuwa wasan, ka kwantar da hankalinka, babu ibada a cikinsa, asalinsa neman kasuwa ne. Jami'o'in Yale da Princeton sun kara a wannan rana tun 1876, amma wanda ya kafa al'adar da muke gani yau wani attajiri ne mai gidan rediyo, George Richards. A 1934 ya sayi wata ƙungiya daga garin Portsmouth na jihar Ohio, ya dawo da ita Detroit, ya sa mata suna Lions, sai ya tarar hankalin mutanen garin yana kan ƙungiyarsu ta ƙwallon sanda (baseball), wato Tigers. Dabarar da ya yi ita ce ya gayyato zakarun lokacin, Chicago Bears, su kara a ranar hutun, kuma ya shawo kan kamfanin NBC ya watsa wasan a tashoshin rediyo 94. Tikiti 26,000 suka ƙare ƙaf. Bears ne suka yi nasara da ci 19 da 16, amma a ganina Richards ne ya ci riba, domin ban da shekarun 1939 zuwa 1944, Detroit ba ta sake fashin wasa a wannan rana ba. Dallas Cowboys sun bi sahu a 1966, aka ƙara wasa na uku da dare a 2006.

Yaran da aka haifa a nan su ne masu ihun da ka ji. Mu manya har yanzu ƙwallon ƙafa ta Ingila muka fi ganewa, saboda haka idan aka hura usur sai mun juya mun tambaye su laifin da aka yi.