Zan iya tuƙa mota daga Marakesh zuwa Marzuga a watan Janairu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da abokaina uku muna shirin zuwa Maroko a watan Janairu. Muna so mu yi hayar mota a Marakesh, mu tuƙa da kanmu har tuddan rairayin Marzuga. Wasu sun ce ganganci ne a lokacin sanyi. Mene ne gaskiyar magana? (Daga wani mai karatu a Kano)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Tafiyar mai yiwuwa ce, ni ma zan so ku yi ta. Amma ba hamadar ce za ta ba ku wahala ba, tsaunin da ke tsakaninku da ita ne.

Daga Marakesh za ku hau hanyar N9, wadda ke tsallake tsaunukan Atlas ta mashigin Tizi n'Tishka, mai tsayin mita 2,260. Zuwa garin Warzazat bai kai kilomita 200 ba, amma ku ware masa awa huɗu, domin hanyar kwana-kwana ce. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6. Shi ya sa za ka bar Marakesh da riga ɗaya, ka tarar da dusar ƙanƙara a sama. In ta zuba da yawa, jandarmomi suna sauke shinge su rufe hanya har sai motocin share ƙanƙara sun wuce. Wani lokaci jiran awoyi ne, wani lokaci sai an kwana. Kada ku nemi wata ɓarauniyar hanya don wayarku ta nuna ta.

Abin da na fi ji muku tsoro ba ƙanƙarar da ido ke gani ba ce. Da rana dusar tana narkewa, ruwan ya malalo kan kwalta, da dare ya daskare ya zama siririn gilas mai launin kwaltar kanta. Ya fi daɗewa a kwanar da inuwar dutse ta rufe. Direban da ya saba da titin Kano zuwa Zariya, da ya ji mota ta zame sai ya danna birki, nan kuwa ake rasa ta. Ka rage gudu tun kafin kwana, ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kada ka fizgi sitiyari. A gangara ka sa giya ta biyu ko ta uku inji ya riƙe motar, don birkin da aka taka kilomita da kilomita yakan yi zafi ya daina kamawa.

Lokaci ma zai iya yaudararku. Agogonsu a Janairu ɗaya ne da na Najeriya, amma rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas da rabi. Ku tsara tsallake mashigin tsakanin hantsi da la'asar. Marakesh zuwa Marzuga ya haura kilomita 550, kuma masu yin sa a yini ɗaya su ne ke ƙarewa da tuƙin dare. Ku raba shi biyu, ku kwana a Warzazat ko Bumalne Dades. Da haka za ku samu tsayawa a Ait Benhaddu, tsohon garin ƙasa da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi a 1987, wanda a da zango ne na ayarin Sahara. Gaba kuma, kusa da Risani, akwai kufan Sijilmasa, inda a da fatake ke ɗaura kaya su nufi kudu neman zinariya. Bai kamata a wuce waɗannan a guje ba.

Ƙaramar mota ta isa, tunda kwalta ce har Marzuga. Kafin ku karɓa ku duba zanen tayoyi, safaya da jak, ku tabbatar hita tana aiki, kuma ruwan lagireto mai maganin daskarewa ne. Tanki ya kai rabi, ku cika. Ku riƙe ruwan sha, dabino, bargo da tsabar dirhami. Lambar jandarmomi 177 ce. In kun iske ƙorama ta tsallaka hanya da ruwa, ku jira, ko da sama garau take a inda kuke, domin ruwan daga tsauni yake gangarowa.

A Marzuga rana tana da daɗi, amma da asuba sanyi yakan kai ma'aunin daskarewar ruwa. Ina roƙonku, kada ku shigar da kaskon gawayi cikin tanti ko ɗaki a rufe kamar yadda wasu ke yi a gida lokacin hunturu. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. Haka in kun maƙale a dusa kuna kunna inji don ɗumi, ku fara share bakin salansa, ku ɗan sauke gilas.

Wajen dawowa, ku bar kwana ɗaya rara tsakanin isowarku Marakesh da tashin jirginku, saboda shingen Tishka. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.