Ƙarar da gwiwar Hajiya ke yi, da abin da ya kamata ku lura da shi

Wa alaikumus salam. Ɗana, na ga tambayarka: wata uku ke nan da yi wa mahaifiyarka aikin sauya gwiwa, tana jin ƙas-ƙas in ta taka, wani lokaci kuma ƙafar ta nemi lanƙwashewa, shi ne kuke fargabar ko ƙarfen ya saki. Allah Ya ba Hajiya lafiya. Ni an yi mini nawa a gwiwar dama a 2018, kuma irin wannan fargabar ta sha hana ni barci.

Ƙarar nan har yau ina jin ta. In na miƙe daga kujera, jikata da ke zaune kusa sai ta ɗago kai ta dube ni. An sa wa ƙarshen ƙashin cinya hular ƙarfe ne, aka kafa faranti a kan ƙashin ƙwauri, aka shimfiɗa roba mai tauri a tsakaninsu. Ƙarfe na taɓa roba, dole a ji sauti. Muddin ba ta zo da ciwo ko kumburi ba, galibi ba komai ba ne. Kuma ƙarfen ba ɗora shi kawai aka yi ba. Yawanci da wani siminti na musamman ake liƙa shi, wanda ke daskarewa cikin kamar minti 15, shi ya sa washegarin aikin aka tsayar da ni da ƙafata. Akwai wanda ba a sa wa siminti, ƙashi ne ke tsirowa ya kama shi cikin makonni. Ku tambayi likita wanne aka sa mata.

Lanƙwashewar ce ta fi tayar mini da hankali. A wata na huɗu ina saukowa daga matakalar masallaci, ƙafar ta tafi da ni, sai da wani bawan Allah ya tare ni. Na je asibiti da yaƙinin abin ya tsinke. Likita ya ɗauki sabon hoto, ya jera shi da na ranar da aka sallame ni, ya bi gefen ƙarfen da biro: babu abin da ya gusa. Ya kama gwiwar ya jijjiga ta dama da hagu don ya ji ƙarfin jijiyoyin, sannan ya matsa cinyata. Nan matsalar take. Shekarun da na yi ina ɗingishi sun zaftare tsokar, ta yi laushi kamar tsumma. Masu gashin ƙashi suka sa ni kwanciya, in miƙe ƙafa sambal, in ɗaga, in ƙirga goma, safe da yamma. Da wuya, ba zan ɓoye maka ba, amma bayan wata biyu na ajiye sanda.

Sakin ƙarfe na gaske da ciwo yake zuwa: zafi can cikin ƙashi in an ɗora nauyi, musamman takun farko bayan zama, yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko ƙafar ta fara karkacewa. In kuwa akwai zazzaɓi, ko wurin ɗinki na fitar da ruwa, ko ciwon ya hana ta barci, kada ku kwana. Ƙwayoyin cuta ne ke saurin ɓata aikin nan, ballantana ga mai ciwon suga. Kuma don Allah kada a bari maɗori ya ja ƙafar ko a yi mata tsaga.

Sallah a kujera nake yi, mun kuma sauya masai zuwa na zama, domin gwiwar nan ba ta naɗuwa irin ta zaman tahiya. Wannan ya yi mini ciwo a rai, ka yi ta rarrashin Hajiya a kai.

Wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan 82 cikin 100 na irin wannan gwiwar na kai shekara 25. Duk da haka, tunda ƙafar na neman kayar da ita, ku kai ta cikin makon nan, ta riƙe sandarta, kuma ku tafi da hoton farko don likita ya samu abin gwadawa.