Muryar da aka rubuta: saba biyu kan diski ɗaya, wa zai rubuta, wa zai karanta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Toh ƙanina na ji tambayarka, kace kana da saba biyu, wato kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima, duk ka jona su da diski ɗaya ta iSCSI, hanyar jona diski ta netwok, ka yi masa fomat da ext4, tsarin ajiye fayil na Linux, kana so ɗaya ta riƙa rubutu ɗayar kuma karatu kawai, wai ko chmod, umarnin saita izinin fayil, zai wadatar. Don Allah tun kafin ka gama jin muryar nan je ka sauke diskin daga saba ta biyun, da gaske nake.

Kaga su chmod da chown aikinsu kawai wane yuza ne zai taɓa wane fayil a cikin saba ɗaya, basu ma san da wata kwamfuta a gefe ba. Ita kuma ext4, haka XFS, an gina su ne a kan cewa kwamfuta ɗaya tak ke riƙe da diskin, kowace saba tana ajiye lissafin wuraren da babu komai a memorinta, toh in su biyu suka yi rubutu wannan ta ga fili ta zuba data, waccan ma filin nan dai take gani sai ta zuba nata a kai, kuma ranar ba abin da zai nuna maka, sai an kwana biyu kaga fayil ya ƙi buɗuwa. Ya taɓa faruwa da ni a wani wurin aiki, wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake, da bakof muka tsira.

Karatu kawai ɗin ma bai fitar da kai ba. In ka ɗora ext4 da ro, wato karatu kawai, kuma ta tarar da aikin da ba a kammala ba a jonal ɗinta, inda take rubuta aikin da take shirin yi, zata iya ƙarasa shi da kanta, rubutu kenan fa. In ka sa zaɓin noload zata daina hakan, amma mai karatun zai riƙa ganin tsohon abu ko rabi da rabi.

Mafi sauƙi a wurinka NFS ne, wato raba fayil ta netwok. Saba ɗaya ta mallaki diskin ita kaɗai, sauran su bi ta wurinta, a cikin fayil ɗin /etc/exports ka ba wadda kake so rw, wato karatu da rubutu, ka ba sauran ro, kuma ka bar root_squash, mai rage ikon babban yuza na sauran sabobin, yadda ka same shi. In kuwa dole sai duka sun rubuta kai tsaye, sai ka koma GFS2 ko OCFS2, tsarin fayil da aka gina don sabobi da yawa, su suna da mai raba makulli, duk sabar da zata taɓa fayil sai ta karɓi izini tukunna.

Amma abin da nafi so ka riƙe shine killacewa, wato raba sabar da ake zargi da diskin. Ka ɗauka waya ta katse tsakanin sabobin, kowacce tana raye amma bata jin 'yar uwarta, sai kowacce tace ai waccan ta mutu ni ce mai diski yanzu. Ba roƙonta ake yi ta daina ba, hana ta ake yi da ƙarfi. A Pacemaker da Corosync, manhajojin da ke haɗa sabobi su yi aiki tare a matsayin kulasta, ana kiran abin STONITH, ana kashe mata wuta ta IPMI, hanyar sarrafa saba daga nesa, ko kuma a yi amfani da rijistar SCSI-3, kowace saba ta ajiye mabuɗinta a kan diskin, in aka goge na wadda ake zargi diskin da kansa zai ƙi karɓar rubutunta. Mutane da yawa suna sa stonith-enabled=false don kulasta ta tashi da wuri, kar ka yi, kamfanin Red Hat ma baya tallafa wa kulastar da babu killacewa. Sannan saba biyu ba a samun rinjaye in sun rabu, ka ƙara ta uku ko qdevice, mai raba gardama da ƙuri'arsa, ƙuri'a 2 cikin 3 su ke da iko.



Yanzu dai ka ɗauki bakof, ka sauke diskin daga duka biyun, ka gudanar da fsck -n, mai duba lafiyar tsarin fayil ɗin ba tare da ya gyara komai ba, ka turo min abin da ya fito mu duba tare.