Wata 14 muna soyayya a waya, bai taɓa zuwa ƙofar gidanmu ba

Assalamu alaikum Anti, don Allah a sakaya sunana. Shekarata 24, a Kano nake. Mun haɗu da wani a Facebook muka koma WhatsApp, yau wata 14 ke nan kullum sai mun kai ɗayan dare muna hira, yana sa min data, da na yi zazzaɓi har kuɗin magani ya turo min, amma wallahi ko sau ɗaya bai tako gidanmu ba, kuma a Kaduna yake fa. In na ce ya zo zance sai ya ce wai tsohon yayi ne, ai muna ganin juna a bidiyo. Yanzu kuma ya matsa in turo hoto ba mayafi. Ina son shi sosai Anti, ya zan yi?

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Hoton nan dai kar ki tura, ko da zai yi fushi. Abin da ya bar wayarki ya bar hannunki, 'yan mata nawa aka tsare da irin shi ana karɓar kuɗinsu.

Ni ban ce haɗuwa a waya laifi ba ne, na ga aure masu albarka da suka faro daga can. Amma zancen da yake rainawa yana da dalili. A zamaninmu saurayi zai tsaya a waje ya aiki yaro, "wai ana sallama da wance", a shimfiɗa masa tabarma a zaure, ƙanne na leƙe, yayyenki na wucewa suna ƙare masa kallo, kafin wata ɗaya an san ɗan gidan waye, me yake yi, yana sallah ko baya yi. Wato binciken tun ranar farko ya fara. Ke fa? Ko unguwarsu kin sani? Data da alat ba toshi ba ne, don toshi a gaban mutanen gida ake kawo shi.

Ki faɗa wa Umma yau, kar ki ci gaba da ɗaukar abin ke kaɗai. Sannan ki ba shi sati biyu ya zo ya gaida Abba, in da gaske yake ya turo magabatansa, a yi bincike, ku je gwajin jini har da na sikila, tunda a Kano ya zama doka tun 2024. In sati biyun ya cika yana ta kame-kame, ki yi blokin ɗinsa. Za ki yi kuka, na sani, ki rubuto min ko a ranar ne.