Amsoshin Tambayoyinku: Wane Faifan Zuntata Ya Cancanci Kuɗinka?

Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto cewa ya ga bidiyon wasu makaɗan Japan masu suna Zuntata suna kaɗa kiɗan wasannin kwamfuta a kan dandamali, kiɗan ya shiga ransa, yana son sayen faifansu. Da ya bincika sai ya tarar da faifai biyu masu ɗauke da sunan wasa ɗaya amma farashinsu ya bambanta. Yana tambayar wanda ya kamata ya ɗauka.

Malam, kafin ka fitar da ko sisi, ya kamata ka san su wane ne mutanen nan. Zuntata ma'aikatan sashen sauti ne na kamfanin Taito, wanda ya ƙera Space Invaders a 1978, kuma sunan ya fara bayyana ne a 1987 a jikin faifan kiɗan wasan Darius. Aikinsu na yau da kullum shi ne tsara kiɗa da sauran sautuka domin akwatunan wasa da ake jefa wa tsabar kuɗi a gidajen wasa. Hawa dandamali ya zo ne daga baya, lokacin da kamfanonin Japan suka lura cewa matasa na sayen kiɗan ko da ba sa gaban akwatin. Sega ta kafa ƙungiyar makaɗanta mai suna S.S.T. Band a 1988, kuma a wancan zamanin Capcom na da Alph Lyla, Data East kuma na da Gamadelic.

Daga nan ne faifai biyun da ka gani suka samo asali. Na farko sautin asali ne, wato abin da ƙwayoyin sauti da ke cikin akwatin suke fitarwa, ba tare da hannun ɗan Adam ya taɓa ganga ko jita ba. Na biyu kuwa sabon shiri ne, inda aka ɗauki karin kiɗan aka sake kaɗa shi da kayan kiɗa na gaske, a ɗakin ɗaukar sauti ko a gaban jama'a. Tunda wasan dandamali ne ya ja hankalinka, na biyun kake nema, kuma idan ka sayi na farko bisa kuskure za ka ji sauti siriri mai ƙarar ƙarfe wanda bai yi kama da abin da ka gani ba.

Duk da haka, ni a ganina hazaƙar waɗannan mutane ta fi fitowa a sautin asali. Hisayoshi Ogura, wanda ya tsara kiɗan Darius da The Ninja Warriors, ya yi aiki ne da na'urar da muryoyinta ƙalilan ne, amma ya fitar da kiɗa mai ban mamaki wanda wani lokaci yake tayar da tsigar jiki, har ya cusa sautin shamisen, molon Japan mai tsirkiya uku, a tsakiyar wasan yaƙi da mutum-mutumi. An kuma gina akwatin Darius da allo uku a jere da benci mai girgiza idan kiɗa ya yi nauyi, saboda haka an tsara kiɗan ne domin a ji shi a jiki. Lasifikar waya ba za ta ba ka wannan ba. Shawarata ita ce ka fara sauraron nau'o'in biyu a Spotify ko Apple Music, inda faifan Zuntata da yawa suke, da abin sauraro mai kyau a kunne, na tsawon mako guda. Ka haɗa da RayForce na 1994 wanda Tamayo Kawamoto ta tsara, da Metal Black na 1991 na Yasuhisa Watanabe, domin ka gane cewa sunan ƙungiyar ɗaya ne amma hannuwan daban-daban ne. Wanda ka samu kanka kana maimaitawa, shi za ka saya.

Wata mai karatu daga Maraɗi ta ce ta ga tsohon faifan CD na shekarun 1990 ana gwanjonsa a Japan, tana tsoron kada ya zama jabu.

Hajiya, tsoronki yana kan hanya, domin an daɗe ana buga jabun faifan kiɗan wasanni, kuma sunayen Son May da Ever Anime na ƙasar Taiwan sun yi ƙaurin suna a wannan harka. Abin da zai raba miki gardama shi ne lambar da ke gefen kwalin. Faifan da Pony Canyon ya fitar ƙarƙashin tambarin Scitron a shekarun 1990 suna farawa da PCCB, waɗanda Taito ya fitar da kansa ƙarƙashin Zuntata Records kuwa suna farawa da ZTTL. Ki nemi mai sayarwa ya nuna hoton lambar da na bayan faifan, sannan ki gwada da abin da ke VGMdb, rumbun bayanan faifan kiɗan wasanni da ke intanet. Akwai kuma siririyar takarda da ake naɗe gefen kwali da ita, wadda Japanawa ke kira obi. Kasancewarta na ƙara farashi a wurin masu tara kayan tarihi, amma ba ta ƙara komai ga kunne, don haka idan sauraro ne burinki, wanda ba shi da ita ya fi miki sauƙi. Ki lissafa ladan dillalin da zai saya miki, irin su Buyee, da kuɗin aikowa da na kwastan, domin sau da yawa su ne suke zarce kuɗin faifan kansa. Faifan CD yana aiki a ko'ina, amma DVD ɗin Japan na yanki na 2 ne, yayin da Nijar da Najeriya ke yanki na 5, don haka ba zai yi miki aiki ba sai dai idan na'urarki na karanta kowane yanki.

Tambaya ta ƙarshe daga wani uba ne a Kumasi da ke son sanin ko Egret II Mini, ƙaramin akwatin da Taito ya fitar a 2022, ya dace a saya domin kiɗan kaɗai. Bai dace ba. Wasanni 40 ne a cikinsa, har da Darius Gaiden da RayForce da Metal Black, amma jikinsa ƙarami ne, allonsa inci 5 kacal, kuma sai an jona shi da talabijin ko abin sauraro kafin kiɗan ya cika kunne. Idan yara za su yi wasa da shi, ka saya da kwanciyar hankali, tunda ta USB yake shan wuta kuma bambancin lantarkin Japan da na Ghana ba zai dame ka ba. Idan kuwa akwai Nintendo Switch a gidan, tarin wasannin Darius Cozmic Collection na 2019 zai ba ka kiɗan Ogura a cikin wasan da aka tsara shi dominsa, ba tare da ka sayi sabuwar na'ura ba.